Mussar Inna a ɗakin da aka kulle

Shekarun baya, a bazarar da mahaifiyata ta rasu, na kira 'yan kwana-kwana saboda kyanwa. Har yau in zancen ya taso a gidanmu na Tawa sai ƙanena ya yi dariya, ni ma in taya shi kaɗan. Ban taɓa ba da labarin daga farko har ƙarshe ba, sai yau.

Mussa muke ce mata, yadda ake ce ma kowace kyanwa a wajenmu, ba ta da wani suna. Fara ce mai tabon toka a kunne guda. Ta tsufa, kuma kusan ba ta da murya. In za ta yi kuka sai ka ga bakin ya buɗe, sautin bai fito ba. Mahaifiyata takan ce shi ya sa suke shiri, don ita ba ta son mai yawan magana. In ta dama fura, sai ta zuba mata ɗan nono a murfin kwano kafin ta kai ludayi bakinta.

A danginmu, in babba ya rasu, bayan sadakar bakwai ana kulle ɗakinsa. Ba mai shiga, ko allura ba a ɗauka, sai magada sun taru malam ya raba. Babban yayanmu yana Abijan, ya ce sai arba'in zai samu zuwa. Saboda haka da safiyar kwana na takwas kawu, ƙanen mahaifiyata, ya rufe tagar ƙarfe ta ciki, ya ja ƙofa, ya sa sabon kwaɗo a gabanmu. Ya jefa makullin a aljihun gaban rigarsa, ya yi mana addu'a, ya hau mota ya koma Takanamat. Ba wanda ya ga laifinsa. A layinmu akwai gidan da aka taɓa ɓalle irin wannan kwaɗo don a ɗauko katifa guda, har yau 'yan uwan ba sa gaisawa ko da salla.

Ba wanda ya tuna da mussa. Tun ranar rasuwar ba mu ganta ba, muka ce yawan jama'a ne ya kore ta.

Ranar da aka kulle ɗakin, baƙi sun watse, gidan ya yi faɗi. Bayan azahar na shimfiɗa tabarma a inuwar bangon ɗakin na kwanta. Zafin ya kai inda mutum ba ya barci kuma ba ya farke. Sai na ji ɗan ƙarar murfin kwano daga ciki, kamar an ɗaga an mayar. Can kuma na ji gado ya yi ɗan motsi, irin wanda yake yi in mahaifiyata ta juya ta gyara kwanciya.

Ban tsorata ba. Na san inda aka kai ta, na ga makara ta fita, ban kuma yi zaton wani abin al'ajabi ba. Amma na lumshe ido na bar kunnena a bangon. A raina na ga ta tashi, ta zura takalmi, ta ɗebi ruwa a randa, tana neman kallabinta. Na ce yanzu za ta kira ni in duba ko tukunya ta tsotse. Na daɗe a haka har inuwa ta bar ni.

Washegari da hantsi na koma wurin da tabarmata. Na sake jin motsin, ya ragu. Wani ɓangare na zuciyata ya riga ya gane ko mene ne, ɗayan kuma ya ce in ƙara saurare kaɗan. Na ƙara. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba. Sai da aka yi kiran azahar na ji ana karce ƙofar ƙarfen daga ciki, a hankali, a tsaya, a sake. Mahaifiyata ba ta taɓa roƙon a buɗe mata ƙofa ba. Nan na miƙe.

Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, magidanci da 'ya'ya biyu. Ya shigo cin abinci ke nan na ja shi zuwa ƙofar. Ya kara kunne, ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, mussar Inna ce. Tun jiya tana ciki?"

Na ce tun jiya.

Muka nemi inda za mu zura mata ruwa, babu. Dokin ƙofar siminti ne mai tudu saboda ruwan damina, taga kuma a sakale ta ciki. Ya kira kawu, waya ba ta shiga. Ya kira wani ɗan uwanmu a Takanamat, aka ce kawu ya wuce arewa wurin shanunsa, can ba rezo, waya ba ta kamawa, sai bayan kwana huɗu.

Na ce ya ɗauko guduma. Ya ce, "Ni? Wallahi hannuna ba ya taɓa kwaɗon ga. Gobe a rasa cokali guda a ce ni ne." Na ce to a kira maƙwabcinmu kafinta. Kafinta ya zo ya tsaya, ya dubi kwaɗo, ya ce shi da mu an zama ɗaya, kuma don an zama ɗaya ne ba zai shiga ba. Duk wanda ya san mu ya ja baya. Sai na gane wanda zai iya shiga ɗakin nan sai wanda ba namu ba ne, wanda ba ya da ko zare a ciki.

Na ce zan kira pompiye, wato 'yan kwana-kwana.

Ƙanena ya riƙe baki. "Jar mota ta tsaya ƙofar gidanmu don mussa? Yaya, gobe ba ni da wurin tsayawa a tasha. Kuma in wuta ta kama kasuwa suna nan fa, mi za ki ce ma mutane?"

Duk da haka na kira.

Wanda ya ɗauka ya ce, "Ina ne ke ci da wuta?"

Na ce ba wuta ba ce.

"Hatsari ne?"

Na ce kyanwa ce aka kulle a ɗaki. Ni kaina da na ji maganar ta fito daga bakina sai da na ji kunya, mace da furfura ta fara taɓa ta.

Ya ce, "Baiwar Allah, motar ga ta wuta ce da ta mutane. Ku ɓalle kwaɗon mana."

Na ce, "Ɗakin mamaciya ne, ba a raba gado ba."

Sannan ya ce, "Allah ya jiƙanta. Tsaya in ba ki shef."

Muryar shugaban nasu ta manya ce, ba gaggawa. Ya tambaye ni rufin ɗakin, na ce kwano ne. Ya ce, "To, Hajiya, in gari ya yi shiru muna zuwa bayan la'asar. Ki kira mai unguwa ya tsaya. Kuma ki ji da kyau, in anka kira mu wani wuri, ko muna tsakiyar aikinki, tahiya za mu yi." Na ce na yarda.

Sun zo ba jiniya, su huɗu. Duk da haka layin ya cika. Na ji wata tsohuwa tana tambaya wa ya faɗa rijiya, wani ya ce mata, "Mussa ce ta ci gado, an zo fiddo ta." Aka kwashe da dariya. Ƙanena ya tsaya can baya kamar shi ma kallo ya kawo shi.

Shef bai ko dubi kwaɗon sau biyu ba. Ya sa aka jingina tsani, biyu suka hau, suka zare ƙusoshin kwano guda suka ɗaga shi. Aka ɗaura ma siririn cikinsu igiya a ƙugu, aka zura shi ciki. Mai unguwa ya zauna a kujera dab da ƙofa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, yana ta faɗin, "Kada dai a taɓa komi."

Ni ina tsaye a tsakar gida ina kallon bakin rufin da aka buɗe. Rana ta karkata, haskenta ya zuba a ɗakin ta sama. Tun da aka gina shi hasken rana bai taɓa shiga ta nan ba. Na tsaya ina tunanin abin da yake haskawa: jeren kwanukanta, akwatin ƙarfe, dardumar da ni na naɗe da hannuna. Ban san sanda na matsa jikin bango ba na ce, "Ɗan'uwa, ya ɗakin yake?"

Muryarsa ta fito ta cikin bangon. "Lahiya lau, Hajiya. Ƙamshin turare yake. Ga takalmi nan gaban gado." Sai kuma ya ce, "Ga ta can bayan randa. Ta ture murfi, da ruwan ta rayu."

Mai unguwa ya ce, "Yaro, ban da taɓa komi."

"Baba, da wane hannun? Duka biyun suna ga mussa, ta ma yage ni."

Aka ja shi sama, kyanwar tana cikin rigarsa, kanta kawai a waje. Da ya sauko ya miƙo mani ita. Ba nauyi ko kaɗan, kamar an miƙo mani kallabi. Ta buɗe baki, sautin bai fito ba. Shi kuma, ba wanda ya ce ya yi, ya je gaban mai unguwa ya zazzage aljihunsa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe tafin hannu. Mai unguwa ya ce, "Na shaida."

Bai rufe baki ba rediyon motarsu ya yi magana. Ban ji abin da aka ce ba, na dai ga fuskar shef ta sauya. Kafin in ce na gode an sauke tsani, an naɗe igiya, an tafi. Wannan karon da jiniya. Ruwan da na tanadar musu a kwano yana nan ba wanda ya sha.

Suka bar rufin a buɗe, kamar yadda shef ya faɗa mani. Kafinta ya ce shi rufewa daga waje ba laifi, ya tafi neman ƙusa. Kafin ya dawo na zauna da kyanwar a cinyata ina ba ta ruwa kaɗan-kaɗan a tafin hannu. Tsuntsaye suna wucewa ta saman ɗakin. Na ji kamar ɗakin ne ya samu ya yi numfashi. Nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa, ba ƙara, ni da ita duka.

Daga baya ƙanena ya ji a tasha cewa mota ce ta kife a hanyar Affala, kuma an ce sun isa da wuri. Ban ƙara tambaya ba. Ina tsoron in tambaya a ce mani da daga ofishinsu suka tashi da sun fi haka sauri.

Kawu ya dawo bayan kwana huɗu. Ya fara duba kwaɗonsa, ya same shi yadda ya bar shi. Da aka ba shi labari sai ya zauna a ƙasa, mutumin da ko a masallaci sai an shimfiɗa masa buzu. Ya ce, "Ni na kulle ta? Ɗiyata, kin san abin da malamai ke faɗi kan mai kulle mussa har ta mutu. Kun fid da ni." Ya sa aka sayo nono, shi da kansa ya zuba mata. Ta sha, ba ta ko dube shi ba.

Yanzu in na ji ana gardama ko ya dace masu aikin ceto su fita don dabba, ba na saurin sa baki. Ƙanena yana da gaskiya, motar ta mutane ce, kuma da sun ce ba za su zo ba, ba zan riƙe su a rai ba. Abin da na sani kawai shi ne sun zo lokacin da ba wanda ke jiransu, sun tafi da aka neme su, kuma a tsakanin nan sun fitar da rai guda ba tare da sun bar mana abin faɗa a tsakaninmu ba. Mussar ta ƙara shekara huɗu a duniya, a wurina.

Da aka raba gado ɗakin ya faɗo rabona. Ranar da na fara kwana a ciki, da gari ya waye na ga ɗigon haske uku a ƙasa. Ashe kafinta bai bi tsofaffin ramukan ƙusa ba, sababbi ya huda. Da hantsi ɗigon suna gaban gado, kafin azahar sun taka a hankali sun kai gindin randa, sannan su ɓace. Da damina suna ɗan yoyo. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa ƙanena yakan zo da kwalta a gwangwani ya ce, "Yaya, bari in toshe maki su." Ni kuma in ce masa ya bari sai baɗi.