Matar da ke Kankare Tambarin Soja

A bakin ofishin lambar mota na Yelwa, wata mata na durƙushe gaban wani tsohon babur, da reza a hannunta. Ban san ta ba. Hijabinta ya koɗe a kafaɗa, yatsunta sun yi baƙi irin na masu bandar kifi. Tana kankare tambarin soja da ke manne a tankin babur ɗin, a hankali, kamar mai ɓare gyambo.

Ina zaton na mijinta ne, kuma mijin ya rasu. Babur ɗin ba shi da lamba. Da alama shekara da shekaru tambarin nan ne takardunsa, a shinge sai dai a sara wa mai shi ya wuce.

Wani ma'aikaci ya leƙo ta taga. "Inna, bar shi mana. Wa zai tambayi iyalin soja takarda? Kin huta da biyan haraji."

Ba ta ɗago ba. "Zan biya, ku ba ni lamba. Ɗana ke hawansa yanzu, hanyar Shanga yake bi. Masu tare hanyar can ba takarda suke nema ba, wannan suke dubawa, in sun gani ba sa barin mai shi da rai."

Tambarin ya fita, amma fentin ƙarƙashinsa bai taɓa shan rana ba, siffar na nan raɗau. Ta ɗebi ƙasa tana gogawa, tana ƙara gogawa. Daga inda nake tsaye, har yanzu ina ganin siffar tambarin.