Zubaida, Ban Yafe Wa Mai Tifa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Satumba 2025, Allah ya karɓi ran Zubaida Ɗayyabu a wani asibiti a Kano, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya. 'Yar aminina ce, a gabana ta yi rarrafe. Ni Sale da furfurata na koyi boko a ajin yamma, amma wannan rubutu ba zan ba kowa ya yi mini ba.

Zubaida, mu mutanen Sabon Garin Ɗanmaraya ruwan dam ɗin Tiga ne ya taso mu. Gidajen iyayenmu da kaburburansu suna can ƙarƙashinsa. Da kika samu aiki a ofishin da ke nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, ba ki manta da mu ba. Kina zuwa da kwamfutarki, ki zauna a zauren mahaifinki, ki nuna mana rafinmu daga sama, har kowa ya gane gonarsa. Wata rana na tambaye ki dalilin da ya sa kike aika bayanin ruwanmu Nijar da Kamaru, har Turai. Kika yi dariya.

"Kawu, hadari ba ya tsayawa a boda a duba masa takarda. Ina ba su namu, su ba ni nasu, sai mu hango ruwa tun yana hanya."

A cikin hotunan nan ne kika ga gaɓar rafi tana zaizayewa, tana matsowa gari shekara bayan shekara, daidai inda tifofin Alhaji Ubale suke ɗibar yashi. Kika nuna wa dagaci a gaban jama'a. Alhaji Ubale bai musa hoto ko ɗaya ba. Sai ya bi majalisu da rumfunan kasuwar Ƙafin Maiyaki yana cewa kina sayar wa Turawa hotunan gonakinmu don a yi sabon dam a sake tashinmu. Ya san inda ke mana ciwo, nan ya danna. Mata suka daina amsa gaisuwar mahaifiyarki a gidan biki. Yaran da kika saya wa littattafai suka jefi motarki. Daga nan kika daina zuwa gida.

Duk da haka, a watan Agustan bana kika kira ni da safe.

"Kawu, abokan aikina sun hango ruwa mai yawa zai sauka a wajenku. Furera ta haihu?"

Na ce 'yata tana cikin watanta.

"A tsallake da ita Yako yau, kusa da asibiti, kada a jira naƙuda. A faɗa wa mutanen bakin rafi su kwashe kaya, har masu zagina."

Ruwan ya zo. Ya cinye mashigi, ya tafi da gaɓar da aka rarake da gidajen da ke kanta, amma bai ci rai ba. Har yau mota ba ta shiga garinmu. A makon da aka binne ki naƙudar Furera ta zo da gardama, sai da aka yi mata tiyata. Da tana gida, da gawa biyu zan binne. Yau ga ni da jika mace, lafiyayya, mai ƙarfin murya. Na ɗauke ta ina dariya, hawayen rashinki bai bushe a fuskata ba. Ban taɓa farin ciki irin wannan ba, kuma ke ce sila.

Ajali na Allah ne, ban ja da shi ba. Amma baƙin cikin da aka cusa miki na mutum ne. Alhaji Ubale, na gan ka a zaman makoki, ka naɗe ƙafa a kan tabarmar uban da ka tozarta, kana cewa yarinyar kirki ce. Ka ji da kyau: ban yafe ba, mahaifiyarta ba ta yafe ba. Hotunan ramukanka ba a aljihun tebur ɗaya suke ba, balle ka sa a ɓatar. Suna hannun abokan aikinta a ƙasashe da dama, kuma sun ce za su ba mu. Da ƙafata zan kai su gaban hukuma, in aka kore ni in koma, har tifarka ta ƙarshe ta bar rafin nan.

Jibi suna. Zubaida za a raɗa mata. Ni da kaina zan kawo maka goro, in tsaya a kanka sai ka faɗi sunan da bakinka, ka ce Allah ya raya.

Ya Allah ka jiƙan Zubaida, ka haskaka kabarinta, ka sa rayukan da ta tsare su zama hujjarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ɗayyabu da Hajiya Kaltume, da mijinta da 'ya'yanta, da abokan aikinta na gida da na ƙetare. Allah ya ba ku haƙuri. Wanda ya raba ta da ƙofar gidan ubanta kuwa, Allah ya isa tsakaninmu da shi.