Ranar da Aka Cire wa Iya Atamfarta

Tarihin ɗan Adam, in aka tankaɗe shi aka zubar da tsaki, bai wuce labarin mutum biyu ba: mai cin tuwo, da wanda ya tsaya yana kallonsa. Na sha littattafai masu kauri kafin in kai ga wannan matsaya, alhali an riga an ba ni ita kyauta a Zandam, a bakin murhu, tun ina firamare.

Iya Hansai, mahaifiyar babanmu, ba ta kashe wuta bayan an sauke tuwo. Sai ta ƙara kara, mu jikoki mu kewaye, kowa ya tura gyaɗarsa cikin toka yana gadi. Ni take kira "maigida marar cefane", kuma ni take aike ɗebo kara. Tatsuniyoyinta akasari na dabbobi ne, masu ƙarewa da dariya. Guda ɗaya ce ta fita daban, ita ma akwai abin da ya jawo ta.

Ran nan da hantsi Kawu Sale, ƙanen babanmu mai jan mota tsakanin Gwaram da Kano, ya zo da wani baƙo mai kyamara a wuya. Wai mai zane ne, yana ɗaukar hoton mutanen karkara, ya koma ya zana su da fenti ya sayar wa otal-otal da masu manyan falo. Iya ta daɗe tana son hoto. Ba a taɓa ɗaukarta ba, kuma burinta ɗaya: in ta mutu, jikokin da ba su riske ta ba su ga cewa kakarsu mace ce mai tsafta da sutura. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ciro atamfarta daga ƙasan akwati tana ƙanshin turaren wuta, ta zauna a kujera ta ɗora hannaye a gwiwa.

Baƙon ya dube ta ya ɗan ɓata fuska.

"Iya, ba ki da wani zanen da ya ɗan sha jiki?"

"Wannan ai sabo ne, ɗan nan."

"To shi ne matsalar."

Ya sa aka kawar da bokitin roba da kwanukan samira da rediyo. Aka aro tsohuwar ƙwarya mai ɗinki daga maƙwabta, don tamu ta yi masa kyau da yawa. Ya ce ta tuɓe takalmi, ta ɗaura zanen da take zuwa gona da shi, ta zauna a ƙasa gindin turmi.

"Kada ki kalle ni, Iya. Ki kalli nesa, kamar kina tunanin damina."

"Daminar da ta wuce, me zan tuna mata?"

Kawu Sale ya rusuna ya ce, "Ki yi haƙuri, Iya. A yi nasa, sai a yi naki." Aka yi nasa. Ta shiga ɗaki ta mayar da atamfa, ta sake gyara ɗauri, ta fito. Baƙon ya jujjuya kyamara ya ce fim ya ƙare, amma zai dawo wani mako.

Da yamma bayan tuwo, Kawu Sale na gefe yana sakace, Iya ta tura kara a wuta ta ce, "To, ga wata ta zo, ba ta da daɗi, amma ku ba ta wuri."

Wai an yi wani attajiri da cin abinci ya ƙaurace masa. A kawo dambun nama, a kawo alkaki, sai ya kau da kai. Wata rana yana wucewa ta bakin gona ya ga wani manomi zaune a kunya, ƙafa duk taɓo, yana auna ɗumamen tuwo da miyar kuka, gumi na ɗiga a kwanon, yana lasar yatsu har wuyan hannu. Nan take yawun attajiri ya tsinke. Ya koma gida ya share malmala biyu. Sai ya sa aka ɗauko manomin, kullum a zaunar da shi gabansa ya ci, shi kuma ya kalla ya ci nasa. Da tafiya ta yi tafiya manomi ya murmure, ya yi wanka, ya samu riga, ya fara ci a natse har yana rage loma. Cikin attajiri ya sake rufewa. Ya ce a karɓe rigar, a maido masa tsummansa, a shafa masa taɓo a ƙafa, a kuma hana shi abinci tun jajibiri don ya ci da kyau. Haka aka yi ta yi, har ranar da manomi ya ɗauki kwanonsa ya juya ya fuskanci bango, ya ƙi juyowa.

"Sai attajirin ya mutu da yunwa?" in ji ni.

"Ina fa, maigida. Irinsu ba sa mutuwa. Wani manomin aka samo masa daga Maruta. Ana rasa mai yunwa ne?"

Kawu Sale ya miƙe ya ce bari ya duba tayar mota.

Shekaru bayan haka, ina karatu a Kano, na ci karo da wani ƙaton littafi a ɗakin karatu, cike da zane-zanen tsofaffin gwanayen Turai na ɗaruruwan shekaru. Manoma ne a ko'ina: ga masu girbi, ga wanda barci ya kwashe a gindin bishiya baki buɗe, ga 'yan biki masu jajayen hanci suna wawar abinci, ga mata sun duƙa suna kalar hatsi. Gwaninta kam ba a magana, har kaushin diddige an fitar. Bayanin da ke ƙasa ya yi ta yabon yadda masu zanen suka ƙaunaci talaka. Na bincika su wa suka sayi wannan ƙauna, sai na tarar fatake ne da masu sarauta, suka rataye a ɗakunansu. Talauci ne aka wanke wa wari aka sa masa firam, don mai ƙoshi ya kalla ya ji daɗin ƙoshinsa. Duk matar da na gani a shafin, sai in tambayi kaina ina aka ɓoye mata atamfa, wa kuma ya ara mata ƙwarya. Magabatan da suka yi zane a duwatsun Birnin Kudu sun fi gwanayen nan kunya. Su shanu suka zana, saniya kuwa ba ta da suturar da za a ce ta cire.

Baƙon nan mai kyamara kuwa bai dawo ba. Ya dai aiko da kwafin hoton ta hannun Kawu Sale. Iya ta duba sau ɗaya ta ce, "Wace ce wannan baiwar Allah? A ba ta sadaka," ta kife shi a ƙarƙashin katifa. Tun daga nan na ɗauki darasin cewa kallon mutum ma wani irin ci ne, kuma akwai ranar da mutunci bai wuce juya wa mai kallo baya ba. Da na zama malami na koyar da wannan a aji, da murya mai nauyi, ɗalibai suna rubutawa.

Iya ta rasu ba a sake ɗaukarta ba, don haka hoton nan shi kaɗai muke da shi. Na sa an ƙara masa girma an yi masa firam. Yana falona a Birnin Kudu, daidai saman teburin cin abinci.