Dutsen Taimamar Kakana

Ku yi dariya in kun ga dama, amma wallahi a gidanmu aka yi wannan, bara waccan da rani, a ƙauyenmu can bayan Bunkure, lokacin da ake yashe kanal ɗin da ke shayar da shinkafarmu.

Kakana ya kwanta ciwo, likita ya hana shi taɓa ruwa, sai ya ce in samo masa dutsen taimama. Ni kuwa sarkin iyayi na tono wani cikin ƙasar da aka yaso, sumul, tsawon damtsena, bakinsa da zane zagaye-zagaye kamar an sare gungume.

Ya kwana biyu yana salla da shi, sai Baffa Sani ya juya shi ya ce, "Baba, ai itace ne ya daskare." Jauro makiyayi da ya zo dubiya ya ce ƙarya ne, ƙashi ne. To itace da ƙashi ba a taimama da su! Kaka ya harare ni, "Ja'iri, ka cinye min tuwo, yanzu kuma sallolina?"

Na sungume shi sai wajen malaminmu na kimiyya. Ya daɗe yana dubawa, ya ce ya yi kama da wata halitta da ta rayu a doron ƙasa tun ba a yi bishiya ba, kuma har yau masana gardama suke, wasu su ce tsiro, wasu naman kaza, wasu su ce ba ko ɗaya.

"To Malam, dutse ne dai ko?"

"Yanzu dai dutse ne."

Na mayar da shi ɗakin Kaka. Washegari da azahar, rana tsaka, na zo ɗaga shi, ya ƙi. Na ja da ƙarfi, sai ji na yi ɓararar ya ciru, ashe wasu zarurruka farare sun fito daga ƙarƙashinsa sun shige daɓe. Ga ɗumi kamar cikin akuya. Innalillahi!

Kaka ya ce a hankali, "Tun ranar farko nake jin yana ɗagawa yana sauka a tafina. Na ɗauka zazzaɓina ne."

Ya rama sallolin nan kaf yana taimama da ƙasar bango, ni kuma na wurga abin cikin kanal ban waiwaya ba.

Amma gurbinsa a ɗakin har yau a jike yake, ko a tsakiyar bazara, kyanwarmu ma kewaye shi take. Don haka in an aike ku neman dutse, ku ɗora tafi a kansa tukuna, ku ɗan jira.