Ranar da Kwara ta yi shiru

Shekarar da aka toshe kogin Kwara a Kainji ina da cikin fari, wata na shida ko na bakwai. Ni 'yar Yelwa ce, 'yar mai saida atamfa, na girma ina ganin kogi kullum amma ban taɓa shigarsa ya wuce gwiwata ba. Allah ya haɗa ni aure da mutumin gungu, wato tsibirin tsakiyar ruwa, mutanen da yaransu ke koyon iyo kafin su iya tsarki. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ba ta taɓa yafe mini wannan rashin iyo ba. Kazar birni take ce mini. Ni kuwa ba na ramawa a baki, kunya ta hana, amma a zuci na rama ya fi a ƙirga.

Gwamnati ta riga ta kwashe mu daga gungun zuwa sababbin gidajen siminti a kan tudu, wajen Ngaski. Wurin tashin nan ne Inna ta yi hasarar da ta hana gidan zaman lafiya. Dutsen niƙanta ya iso lafiya, amma ɗan dutsen, na sama wanda ake riƙewa a murza hatsi, ya silale daga jirgi ya faɗa ruwa. Mijina ya sayo mata wani a kasuwa. Ta niƙa gero da shi sau ɗaya, ta ɗanɗana garin, ta tofar, ta ce yashi ne, ta sa shi tokare ƙofar akurki. Ita dai sai na wata gaɓa mai duwatsu da ke ƙasa da tsohon gungunsu, inda uwarta da kakarta suka samo nasu. Maza suka ce mata an rufe dam, ruwa na tafe, kada kowa ya sauka. Ta ce Kwara ba ƙofar ɗaki ba ce da wani zai rufe.

Ranar da mijina ya tafi cin kasuwar Yelwa, Inna ta tashe ni bayan asuba ta ce in zo in raka ta. Ba mu gaya wa kowa ba. Na so in ƙi, amma ina tsoron a ƙara wa kazar birni wani sunan.

Mun yi tafiya mai tsawo ta cikin gonakin da aka bari, har muka fito bakin ruwa. Wurin wani tudun duwatsu ne da ya miƙa cikin kogi, ba gida ba gona kusa da shi, jirage ma ba sa bi ta nan saboda duwatsun na fasa su. Abin da ya haɗa shi da gaɓa wani siririn doron dutse ne, faɗinsa bai fi tabarma ba, dama da hagu kuma zurfi. Da safen nan doron a bushe yake, ruwa na ɗan lasar gefensa. Inna ta tsaya ta karkata kai ta kasa kunne. Ta ce can sama kaɗan akwai inda ruwa ke zuba tsakanin duwatsu, in Kwara za ta hau sai wurin ya yi ta ruri, kumfa da karare su biyo baya, tun tana yarinya haka take gane ta. Yau kuwa tsit. Ta ce ruwa ya kwanta, mu wuce.

Gaskiya wurin ya yi mini kyau, har na manta da fushina. Duwatsu ne zube iya ganinka, ruwa ya goge su sumul, farare da jajaye da masu zane kamar an yi musu kitso. Inna ta duƙa aikinta. Takan ɗauki dutse ta auna a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa shi da wani ta saurara, ta lasa, sannan ta jefar tana tsaki. Ni kuma na shiga tsintar masu kyau ina tarawa a gefen zane. Ta harare ni ta ce mace da ciki tana wasan 'yar carafke. Na zubar da su don haushi, sai guda ɗaya baƙi mai faɗi, daidai tafin hannu, da na ƙulle a haɓar zanena ba ta gani ba.

Rana ta take, ta fara juyawa, Inna ba ta sami nata ba. Na zauna a inuwar wani dutse ina cin ƙuli-ƙuli, sai na ga tururuwa sun yi layi suna hawowa ɗauke da ƙwayayensu. Bayansu ɓeraye, da rana tsaka, ba sa ko gudun mutum. Da na waiga sai ga maciji miƙe a kan dutsen da na jingina da shi ɗazu, jikinsa jiƙe. Wani kuma yana fitowa daga ruwa. Na miƙe zumbur. Na kai idona ga kogi, na ga wani karan dawa yana yawo. Na bi shi da kallo. Ba gangarawa yake ba, sama yake yi, wajen da ruwa ya saba fitowa.

A daidai lokacin Inna ta ɗaga wani dutse mai ruwan toka tana dariya, ta ce ga shi, ƙanen wancan ne sak.

Na ce, "Inna, ruwan ga da baya shika tahiya."

Ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, sai ta ga karan. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sake haka ba. Duk yinin nan sama take duba, don a saninta daga sama ruwa ke zuwa. Ashe wannan daga ƙasa ya taso, daga inda aka toshe shi, ya haɗiye mazubar nan tun kafin mu iso, shi ya sa ba ta ruri. Muka ruga wajen doron. Babu shi. Ruwa ne ja mai laka shimfiɗe har gaɓa, ga iska ta taso tana kaɗa shi.

Na fashe da kuka, na ce mu zauna mu jira ya janye. Inna ta ce a hankali wannan ba irin mai janyewa ba ne, kuma ba wanda ya san muna nan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har ɗan cikina ya dunƙule wuri ɗaya. Na san ita kaɗai za ta iya iyo ta fita kafin a tafasa ruwan koko, kuma Allah ya sani na ɗauka abin da za ta yi ke nan, ta ce za ta nemo taimako. Sai ta kwance mayafinta, ta ɗaura gefe ɗaya a ƙugunta, ɗayan a ƙirjina sama da cikin, ta ja ƙullin da haƙora. Ta ɗora dutsenta a ka ta dafe da hannu ɗaya.

Ta ce, "Kak ki dubi ruwa, ɗiyata. Dubi ƙeyata. Inda nis sa ƙahwa, nan za ki sa taki."

Muka shiga da bisimilla. Ruwan ya kama ni a ƙauri, ya kai gwiwa inda doron ya ɗan lotsa. Ba a ganin komai a ƙasa, Inna da yatsun ƙafa take laluben hanya, ta ja ƙafa ta tsaya, ta ja ta tsaya. Ina biye da ita, idona a kan ƙeyarta. Wani abu mai santsi ya goga mini ƙafa, ban san ko kifi ne ko maciji ba, na zabura. Ƙafata ta hagu ta taka inda babu komai. Na tafi gefe, ruwa ya rufe mini fuska, mayafin ya shaƙe ni. Sai na ji hannu biyu sun damƙe ni, ɗaya a kitsona ɗaya a hammata. Ta durƙusa a kan doron ta jawo ni kamar buhun albasa, tana huci, tana kiran sunan Allah. Sauran hanyar da rarrafe muka ƙarasa ta.

A gaɓa na kwanta ina amai. Da cikin ya motsa na kama hannunta na ɗora a kai, ta ji, ta runtse ido. Sai a lokacin na lura kanta ba komai, gwiwoyinta kuma duk jini. Na ce Inna, dutsen. Ta ce in tashi rana na faɗuwa.

Kafin kasuwa ta zagayo, tudun duwatsun nan ya nutse gaba ɗaya. Inna ta ɗauko na ƙofar akurki ta wanke ta ci gaba da niƙa, muka yi ta cin tuwo mai yashi ba wanda ya ce uffan. Ba ta sake ce mini kaza ba, ni kuwa da ta ci gaba da faɗa da ya fi mini sauƙi. Ba ta kuma sake gaya wa kowa abin da ruwa zai yi gobe ba. In an tambaye ta sai ta ce ba ta san wannan ruwan ba.

Shekaru bayan haka ciwo ya kwantar da ita, har ba ta iya taɓa ruwan alwala. Ta ce a nemo mata dutsen taimama. Na buɗe adakata na ɗauko baƙin dutsen nan na sa mata a hannu. Ta shafa shi, ta juya, ta kai bakinta ta lasa.

Sannan ta ce, "Ashe ba ki zubar duka ba."