Maje Tsakanin Malam da Baƙar Ɗamara

Maje ɗan Malam Wali ne na Kwaciri, wanda ya yi muhuti, wato mataimaki, a kotun alƙali kafin ya ajiye aiki ya koma karantar da fiƙihu a zaurensa. Gidanmu na bayan nasu, tare muka tashi, ni Fatai ɗan Raji mai bakin tsiya, shi kuma shiru-shiru, siriri kamar sandar rake. Da muka girma ya zama malamin firamare, ni na kama rumfar rediyo da kaset a Kasuwar Sabon Gari. Da a ce lokacin wani ya ce min wannan bawan Allah zai fasa katako da dunduniyarsa, da na yi masa dariya har na faɗi.

Shekarun da fetur ya buɗe wa Kano ido ne. Ko'ina gini, ko'ina sabon babur, tsallake titi a shataletalen Bata sai mai ƙarar kwana. Samari suna fitowa daga sinima suna harbin iska, kowa ya zama gwanin kareti. A nan ne wani mai gyaran lantarki, Augustine, ya dawo daga Ikko da wani abu da ya ce ba kareti ba ne, taikwando ne, a hannun mutanen Koriya ya koya. Ya samu aron ɗakin taron wata makaranta a Sabon Gari, ya fara koyarwa bayan la'asar. Ni na fara zuwa, na ja Maje don ya raka ni. Ban daɗe ba cinyoyina suka ce ba su san zancen ba, na koma ɗan kallo a kan benci. Maje ya tsaya.

Ban taɓa ganin mutum ya kama abu haka ba. Ya tashi daga makaranta, ya yi la'asar, ya ɗaure farin kayansa a bayan keke, sai Sabon Gari. Tafin ƙafarsa ya yi kanta, yatsansa ya goce ya ɗaure da tsumma ya koma. Mutumin da ko ɗan aji ba ya iya daka wa tsawa, sai ga shi yana ihun da ke girgiza tagogi. Ya bi ɗamara ɗaya bayan ɗaya har ya ɗaura ja, wadda daga ita sai baƙa.

Matsalar ba dukan ba ne. Malam bai damu da harbi ba, cewa ya yi motsa jiki ne, ya fi zaman shayi. Matsalar gaisuwar ce. A wannan wasa, in za ka shiga fili sai ka haɗa ƙafa, ka miƙe hannuwa a gefe, ka lanƙwasa daga ƙugu ka sunkuyar da kai ga malaminka. Wani mai kai rahoto, Allah ya shirye shi, ya leƙa ta taga ya gani, ya je ya ce wa Malam ɗansa yana yi wa wani Augustine ruku'u.

Ina zaure ranar da aka kira Maje. Malam ya ce ya nuna yadda suke yi. Maje ya tashi ya nuna.

"Wannan mene ne sunansa a salla?" in ji Malam.

"Malam, gaisuwa ce kawai. Ba da niyyar ibada ba."

"Ni za ka karanta wa babin niyya?" Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Ka durƙusa wa babba, wannan tarbiyya ce. Amma wannan lanƙwasar ta Allah ce. Ranar da ka ƙara yi wa ɗan Adam, kada ka sake tsayawa a bayana a sahu, kada ka sake zama a zauren nan."

Ni a ganina Malam ya tsaurara, kuma na ji wasu malaman suna da wata fahimtar. Amma wa ya isa ya faɗa masa? Maje ya je ya yi wa Augustine bayani. Augustine mutumin kirki ne, ya daɗe a Kano, ya san halinmu. Ya ce ba komai, ya riƙa dafa ƙirji kawai. Haka aka yi ta tafiya lafiya har wajen shekara biyu.

Sai labari ya zo cewa babban malamin Augustine, wani ɗan Koriya, zai zo da kansa daga Ikko ya yi jarrabawar baƙar ɗamara. Shi kaɗai ke da ikon ba da ita, kuma ba kullum yake hawowa Arewa ba. Augustine ya ja Maje gefe ya ce masa gaskiya: wannan dattijo ba ya wasa da gaisuwa, a wurinsa ita ce farkon darasi. Ya ce sau ɗaya ne, kamar ƙiftawar ido, ya yi a wuce wurin.

Ni ma abin da na ce masa ke nan. Wa zai gani? Amma Maje, da wautarsa ta gaskiya, sai ya tafi wurin Malam neman izini. Ya dawo rumfata fuskarsa kamar an yi masa mutuwa.

"Me ya ce?"

"Ya ce bai canza magana ba. Kuma ya ce zai zo."

Ran jarrabawar ɗakin ya cika maƙil, zafi kamar gidan burodi. An kafa tebur a gaba, ɗan Koriyar na zaune, gajere, kakkaura, ba ya murmushi. Ana shirin farawa sai na ga mutanen bakin ƙofa suna darewa. Malam Wali ne da rawaninsa da sandarsa, a wurin da bai taɓa sa ƙafa ba. Na tashi da sauri na ba shi wurina. Ya zauna, ya dafa sandar da hannu biyu, bai kalli kowa ba.

Aka kira wani ɗalibi, Okechukwu, ya fito ya sunkuya, ya yi nasa, ya koma. Aka kira wani. Can aka kira Maje.

Ya fito tsakiyar fili ya haɗa ƙafa. Augustine ya ba da umarnin gaisuwa da yaren Koriya. Maje ya ɗaga hannu ya dafa ƙirji.

Ɗan Koriyar ya ɗago kai. Ya yi wa Augustine alama ya maimaita. Augustine ya maimaita. Wallahi na ga kafaɗun Maje sun fara yin gaba, na ga wuyansa ya motsa, har na runtse ido. Da na buɗe yana nan a miƙe, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Augustine ya matsa ya yi wa dattijon raɗa, yana nuna inda Malam yake zaune. Dattijon ya juya ya dubi Malam. Malam ma ya dube shi. Tsofaffi biyu, kowa da abin da ya gada, babu mai jin yaren wani. Sannan ɗan Koriyar ya yi magana a hankali da Turanci, ba da faɗa ba. Ya ce yana girmama uba, shi ma yana da shi. Amma shi ma haka malaminsa ya ba shi abin, ba zai rage komai ba. Ya ba Maje dama ta ƙarshe.

Maje ya ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ya juya ya fita daga fili. Ko ƙafa bai ɗaga ba. Duk wahalar shekarun nan, ba wanda ya ga ko harbi ɗaya.

Na ji haushin kowa ranar, har da Malam. Muka tako zuwa Kwaciri, Malam a gaba, mu a baya ina tura keken Maje. Da muka shiga zaure Malam ya sa aka naɗe tabarmi. Ya zauna a buzunsa ya ce, "Abin da za ka yi musu, yi min in gani."

Maje ya yi. A wannan ɗan zauren, tsakanin tarin littattafai, ya yi jerin motsin gaba ɗaya, da juyi da harbi da ihu, har matan gida suka leƙo. Bai taɓa yin mai kyau irin na ranar ba. Da ya gama Malam ya dube shi ya ce, "Ashe haka ka iya." Ya ƙara da cewa gobe kada ya makara, malaminsa na jira.

Maje ya ci gaba da zuwa da jar ɗamararsa. Da Augustine ya koma garinsu, shi ya bar wa ɗakin. Yaran da ya koyar suka riƙa tafiya Ikko suna dawowa da baƙa, suna tsayawa a gabansa yana gyara musu ƙafa.

Malam ya rasu kafin a sake wata jarrabawar a Kano. Da aka sa rana na sami Maje a makaranta na ce, to, Allah ya ji ƙan Malam, yanzu kam hanya ta buɗe, ya ba da sunansa. Yana goge allo bai juyo ba.

"Fatai, da yana raye ai sai in koma in ƙara roƙonsa," ya ce. "Yanzu wa zan roƙa?"