Banɗakin da Ya Kalli Gabas

Shekarar da sojoji suka tattara suka koma bariki, Babanmu ya ɗinka sabuwar malum-malum, ya kuma yanke shawarar rushe mana makewayi. Duk cikin murnar mulkin farar hula ne. A ma'aikatarsu kowa ya rantse za a ƙara albashi har da ariyas na watannin baya, shi kuwa Baba irin mutanen nan ne da ke fara kashe kuɗi tun kuɗin suna cikin rediyo.

Kada dai in zalunce shi, dalilinsa mai kyau ne. Kaka, mahaifiyarsa, ɗakinmu ɗaya da ita a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, kuma gwiwoyinta sun daina jin maganarta. Masanmu na tsuguno ne. Tsugunawar ba wuya, tashin ne yaƙi. Sai in tsaya a bakin ƙofar langa-langa har ta ƙwanƙwasa buta a bango, sannan in shiga in ɗago ta. Matar da a ɗaki ba ta barin bakina ya huta da tsokana, a nan ko fuskata ba ta iya kallo.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Tarauni, ta daɗe tana roƙon a ba ta Kaka, don gidanta akwai masai na zama. Kaka ta ce ba inda za ta. Tana da ɗa namiji a raye, me zai kai ta zaman gidan suruki, ta riƙa cin abinci tana sunkuyar da kai? A gidan ɗanta za a ɗauki gawarta.

Wata Juma'a bayan la'asar Baba ya baje a tabarma ya kasafta aikin da yatsunsa: siminti, yashi, bututu, masan kansa, ladan magini da na fulamba. Yatsun suka ƙare, kuɗin ma suka ƙare. Umma ta shiga ɗaki ta fito da adashin da ta kwasa, wanda ta ci burin sayen keken ɗinki da shi. Sharaɗinta ɗaya, a ware wani abu a ajiye, kada a taɓa, don gini ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya.

"Ke dai har yanzu a mulkin soja kike," in ji Baba. "Tsoron me? Ariyas na hanya."

"Allah ya kawo ta lafiya, Malam. Amma a ajiye."

Ya ce ya ji. Washegari ya tafi Sabon Gari sayen masai, ya dawo da akori-kura guda. Tayil ruwan bula mai furanni, madubin da ya fi ni tsawo, da wani ƙarfe mai walƙiya na rataye tawul, alhali duk gidanmu da zani ake goge jiki. Abin da aka ce a ajiye yana cikin kwalayen nan. Umma ta dubi kwalayen, ta dube shi, ta koma madafa. Tuwon ranar da an jefi mutum da shi sai asibiti.

Aka rushe tsohon makewayi tun kafin a sauke yashin sabo. Muka zama 'yan yawon buta. Na san bayan gidan kowa a layinmu fiye da yadda na san darasin lissafi: wanda ƙofarsa ba sakata sai ka yi ta tari, da wanda kyankyasansa sun isa a yanka. Matan layi da sun ji sallamata sai su ce, "Wuce, ba kowa." Ita Kaka ba ta iya wannan yawo, sai aka sayo mata fo aka kai ɗaki. Ni ke fitar da shi. Takan ce, "Ƙawata, yi haƙuri, saura kaɗan." Ni kuma in ce idan an gama sai ta biya ni da ɗan kunnenta na gwal.

Ranar da aka gama, Baba ya kira maƙwabta kallo. Wallahi ko bikin buɗe gada bai kai nan ba. Mutane suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Bayan sun watse na riƙo hannun Kaka muka tako a hankali, Baba na gaba yana murmushi har kunne. Ta leƙa. Ta dubi masan, ta waiwaya ta dubi inda take shimfiɗa sallayarta a tsakar gida, ta sake duban masan.

"Wannan abin ina ya kalla?"

Baba ya juya ya dubi masan. Gabas ya kalla, sak, kamar liman. Shi da kansa ya zaɓi wurin, don wanda ya buɗe ƙofa ya fara cin karo da madubi da furanni. A masan tsuguno ba wanda ya taɓa tunanin wannan, rami ne, ka juya inda ka ga dama. Wannan kuwa an dasa shi da siminti.

"Mayar da ni ɗaki," in ji Kaka.

Baba ya ɗauko limamin masallacin layinmu. Malam ya zauna a bakin ƙofar Kaka ya yi bayani a natse, cewa hanin ya fi ƙarfi a fili, a cikin gini malamai da yawa sun sauƙaƙa. Kaka ta saurara har ƙarshe.

"Allah ya ƙara sani, Malam. Na ji, ban kuma musa ba. Amma tun ina yarinya ban taɓa ba alƙibla gaba a wannan hali ba. Sai yanzu da ya rage kaɗan a kwantar da ni ina kallonta? Ku masu sauran kwana ku shiga."

Na ce to ta zauna a kaikaice mana. Na shiga na gwada musu ƙofa a buɗe. Ɗakin ƙunci gare shi, tayil ya ƙara cinye shi, gwiwata ta daki bango, na zame na rungumi ƙarfen tawul, ga ni ga kaina a madubi kamar ƙadangaruwa a kwalba. Kaka ta yi dariya har da hawaye. Ban sake jin ta yi irinta a gidan nan ba.

Fulamba ya dawo ya duba. Ya ce juyawa sai an fasa tayil ɗin ƙasa, an tono bututu, an matsar da bango ɗaya. Da ya faɗi abin da za a kashe, Baba ya cire hula ya share gumi. Umma tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da ta yi masa gori ma da ya fi masa sauƙi.

Muka koma jiran ariyas. Kullum Baba ya dawo aiki amsar ɗaya ce, ana nan ana dubawa. Kaka ta ci gaba da fo.

Wata Asabar da hantsi abokan aikin Baba suka zo ganin banɗakin da ya cika musu kunne da shi. Na fito da fo a rufe da tsumma, ban san sun shigo ba. Muka yi kiciɓis a tsakar gida. Ɗayansu ya kai gefen babbar rigarsa hanci, ya kau da kai. Ba laifinsa ba ne. Amma labulen ɗakinmu a ɗage yake, Kaka na zaune bakin gado. Da na dawo ta ce in sauko mata da akwatinta, in kuma aika a kira Gwaggo.

Tarauni ba nisa, mai ƙafa ma zai je ya dawo kafin shayi ya huce. Amma Baba ya tsaya jikin tasi kamar Makka za ta.

"Inna, da an biya zan juya shi. Ki ba ni wata ɗaya."

"Allah ya ba da iko," in ji ta. Ta dube ni. "Ƙawata, kin huta."

Ban tuna mata ɗan kunnena ba, na dai saka mata akwatinta a tasi.

Ƙarin albashi ya zo daga baya. Siminti ya riga shi tashi, ga kuɗin makaranta, ga rufin ɗakin Umma da ya fara yoyo. Banɗaki yana nan yadda yake, baƙi na yaba furanninsa. Mu duk muna shiga, ban da Baba. Tun ranar da Kaka ta tafi, butarsa yake ɗauka ya nufi makewayin masallaci, ko ana ruwa.

Ina zuwa Tarauni duk Asabar. An ba ta ɗaki mai kyau, mijin Gwaggo kuma mutumin kirki ne. Amma in yana gida ba ta fitowa tsakar gida, ko tsokanata da raɗa take yi. Da farko ina sallama take tambaya, "An juya shi?" Sai in ce saura kaɗan. Yanzu ta daina. Sai ta tambayi Umma, ta tambayi ƙannena, ta tambayi akuyar maƙwabta, sannan ta ce in miƙo mata carbinta.